Ranar da Kwamanda Ya Hana Baba Saje Barci

Kwamanda bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta harbin tsuntsu. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga da duk wani kayan lantarki da ya gaji da duniya, a wata 'yar rumfa da ke bakin layi. Amma idan ana maganar yaƙi, to kowa ya kama bakinsa. Babu fim ɗin yaƙin da bai gani ba, wasu ma ya haddace su, yana faɗin abin da soja zai ce tun sojan bai buɗe baki ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan Kwamanda, mutanen layi suka karɓa don su sami abin dariya, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce. A shagon Mai Aski, inda ake taruwa hira da yamma, ya sha gaya musu cewa da shi aka sa a gaba a yaƙin duniya, da tuni kowa ya koma gida ya ci abincin rana.

Burin da ya hana shi sakat shi ne ya buɗe gidan kallo, ya rabu da warin ƙonanniyar waya. Wurin ma ya riga ya zaɓa: garejin surukinsa, mai faɗi, mai ƙofar ƙarfe, yana kallon titi. Surukin nan tsohon soja ne, Baba Saje ake ce masa, mutum mara yawan magana, wanda ya yi yaƙi na gaske tun ba a haifi Kwamanda ba, bai kuma taɓa ba kowa labarinsa ba. Motar da aka gina garejin dominta an daɗe da sayarwa, ba abin da ya rage ciki sai yanar gizo da wata tsohuwar katifa. Sai dai ba Kwamanda kaɗai ya sa wa wurin ido ba. Ƙanin matarsa ma yana so, don ya zuba kajin ƙwai. Bai sayi ko ɗan tsako ba tukuna, amma tuni layi ya sa masa Mai Kaji. Tsohon kuwa duk wanda ya zo masa da maganar sai ya ce a bari ya yi tunani.

Kwamanda ya ga ai hanyar shawo kan soja ita ce a nuna masa yaƙi. Akwai wata ƙatuwar talabijin da wani ya kawo gyara bai dawo ɗauka ba. Ya kinkimo ta gida, ya sa matarsa ta gayyato mahaifinta, ya kunna masa fim ɗin da ya fi so a duniya. Labarin wasu samarin sojoji ne da aka bari su tsare wata gada, aka manta da su. Akwai wurin da ɗaya ya goya abokinsa yana ratsa hayaƙi, yana ta yi masa hira don ya ƙarfafa masa gwiwa, bai san abokin ya riga ya cika ba. Kwamanda ya ga wurin nan ba adadi, amma duk lokacin da ya zo sai ya yi kuka. Ranar ma haka aka yi. Hawaye ya sauko masa, matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska, har Mai Kaji, da ya zo musamman don ya kushe, ya zuba wa talabijin ido. Kwamanda ya waiga a hankali don ya ga yadda tsohon soja ke kuka. Baba Saje ya jingina kai da bango, baki a buɗe, yana minshari a natse.

"Yaya Kwamanda," in ji Mai Kaji a hankali, "ka ga yaƙinka ya ratsa Baba har ya suma."

"Kai dai ka san kashin kaji. Wannan nutsuwar soja ce. Idonsa a rufe yake, amma yana lissafin makaman abokan gaba."

"Da hanci yake lissafin?"

Sai da aka busa begilar ƙarshe, sunaye suka fara hawa, tsohon ya farka. Ya yi miƙa, ya yaba laushin kujerar, ya nemi ruwa. Abin ya yi wa Kwamanda ciwo ƙwarai, don ji ya yi kamar ɗansa aka kushe. Ya durƙusa, kai a ƙasa yadda ake yi a gaban suruki, ya ce laifin ba na fim ba ne, na ɗakin ne. Da a wuri mai faɗi ne, kamar a ce gareji, da ko mai ciwon barci bai isa ya runtsa ba. Baba Saje ya dube shi ya yi murmushi, ga alama ya gaji da sintirin da ake yi masa.

"To shi kenan," ya ce. "Ka nuna fim ɗin nan a garejin. In ban runtsa ba, ka riƙe wurin. In na yi gyangyaɗi, kaji su shiga."

Da baƙi suka tafi, matar Kwamanda ta ce masa, "Baban yara, ka bar Baba da barcinsa." Ya ce mata mata ba su san dabarun yaƙi ba.

Washegari ya zazzage wa 'yan shagon Mai Aski shirinsa. Ya ce turawan da suka yi fim ɗin sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ido da kunne kawai suka ba aiki, suka bar sauran jiki yana zaman banza. Yaƙi kuwa ana shaƙarsa da hanci, ana jinsa a fata, ana jinsa har a mazaunai. Shi zai cike musu gurbin da suka bari. Nan take ya ɗauki sojoji. Mai Faci, tunda tayoyi ne dukiyarsa, ya zama shugaban rundunar hayaƙi. Mai Walda aka ba shi bom, wato gangar ƙarfe da babbar guduma, da kuma harsashi, wato tsakuwar da zai riƙa watsawa kan kwanon rufi. Mai Aski, da ya saba da ganin jini ba ya tsoro, aka ɗora masa famfon feshi irin na manoma, cike da jan fenti da aka tsinka da ruwa. Girgizar ƙasa kuwa Kwamanda ya ce wannan aikin ƙwararru ne, da kansa zai yi.

Gwajin hayaƙi aka fara yi, a tsakar gidan hayar da yake zaune. Aka cinna wa guntun taya wuta, aka jera fankokin mutane masu jiran gyara, aka kunna. Hayaƙin ya tashi baƙi ƙirin, ya ƙi bin hanyar da Kwamanda ya tsara masa, ya tsallake katanga ya sauka kan igiyoyin Mai Wanki, wanda ranar fararen kaya ya shanya tun daga wannan bango har wancan. Ba a jima ba sai ga shi ya shigo ko sallama babu, riƙe da rigar hedimasta da ta koma kalar gawayi. Kwamanda ya yi masa bayani cikin natsuwa cewa ba a yin yaƙi ba tare da an shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mai Wanki ya ce shi bai shiga sojan kowa ba, kuma in aka sake, zai nuna masa yadda ake yaƙi da dutsen guga mai zafi.

Girgizar ƙasa ta biyo baya. Ya ciro motar wani tsohon injin wanki ya ɗaure ta a ƙarƙashin benci da waya, ya roƙi Mai Aski ya zauna. Da aka kunna, bencin bai tsaya girgiza kawai ba, tafiya ya kama. Ya fita daga rumfar yana tsalle, Mai Aski a kai haƙora na haɗuwa, yana so ya ce a kashe, harshe ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sai a bakin kwata bencin ya sauke fasinjansa. Kwamanda ya zagaya ya duba, ya yanke hukuncin cewa injin ba shi da laifi, mazaunin ne ba nauyi, ranar nuni masu ƙiba za a ɗora.

Jinin ne ya kusa raba aure. Yana gwada famfon a bayan ɗaki, bai lura da kayan makarantar 'yarsa da ke shanye ba. Uwar ta fito ta ga riga jina-jina, ta kurma ihu, ta zube a ƙasa tana kiran sunan yarinyar, wadda ke ɗaki tana aikin gida lafiyarta ƙalau. Da gaskiya ta fito, ta inda matar take shiga ba ta nan take fita ba. Kwamanda ya tsaya yana sauraro, fuskarsa cike da farin ciki, ya ce, "Kin gani? Ke ma da kike gidan kin yarda jini ne." Ranar nan da yunwa ya kwana, amma ya kwana yana murna.

Shi ma Mai Kaji bai zauna ba. Labari ya iso shagon aski cewa ya shirya ranar nuni zai cika wa tsoho ciki da abinci mai nauyi, ya kawo masa kujerarsa mai hannu da matashi. Kwamanda ya ce wannan cin amanar ƙasa ne, ya kuma ninka komai: taya guda ta koma tari, tsakuwa ta koma buhu. Sannan ya tara rundunarsa a bayan garejin, inda ya fasa 'yan ramuka a bango na hayaƙi da na feshi, ya ba su umarnin ƙarshe, hannu a baya, yana kai da komo yadda ya ga manyan hafsoshi na yi.

Na farko, ba wanda zai gaya wa 'yan kallo abin da aka shirya, don yaƙi ba ya aiko da sanarwa. Na biyu, da zarar sun ji ya buga bango, su fara. Na uku, kuma shi ne babba, ba ja da baya. Za su ji ihu, za su ji kuka, za su ji ana roƙo. Wannan shi ne alamar aiki na kyau, su ƙara wuta. Ba mai tsayawa sai ya ji begilar ƙarshen fim da kunnensa.

"In kai ka ce mu tsaya fa?" in ji Mai Walda, wanda dama ƙarar ƙarfe ta ɗan taɓa masa kunne.

"Ko muryata kuka ji, kada ku yarda. Abokan gaba sun iya kwaikwayon murya."

Ranar Asabar da rana garejin ya cika maƙil, tunda kallon kyauta ne. Mata da yara a gefe ɗaya, maza a gefe ɗaya, hedimasta da wasu masu tumbi an karrama su da bencin gaba, suna ta jin daɗin an san girmansu. An toshe taga da tsohuwar katifar, an liƙe duk wata kafa da kwali, wurin ya yi duhu. Baba Saje na zaune kan kujerarsa mai hannu, ciki ya ɗauka, tun ba a fara ba yana hamma. Da kowa ya shiga, Kwamanda ya ja ƙofar ƙarfen ya ɗaure ta da waya ta ciki, ya murɗe da filaya. Matarsa ta tambaye shi dalili, ya ce a fagen fama ba a fita fitsari.

Matsalar fim ɗin, wadda Kwamanda bai taɓa lura da ita ba sai ranar, ita ce farkonsa ba harbi. Sojoji ne zaune a gindin gada, wani na aske gemu, wani na ɗinke safa, suna hirar gida. Kwamanda bai kalli talabijin ba, kan surukinsa yake kallo. Kan ya sunkuya, ya ɗago. Ya sake sunkuyawa, ya daɗe bai ɗago ba. Daga can gefe haƙoran Mai Kaji suka haska a duhu. Kwamanda ya ga gareji na shirin zama gidan kaji a kan idonsa. Harin farko yana can gaba da nisa, amma ya ce a ransa babban kwamanda shi ne mai sauya shiri a tsakiyar fama. Ya kai wa bango duka.

Sojan fim na cikin goge kumfa a haɓarsa, gudumar Mai Walda ta sauka kan ganga. Garejin ya amsa gaba ɗaya, ƙura ta zubo daga rufi. Kafin kowa ya gane abin da ya faru, Baba Saje ya bar kujera, yana kwance rub da ciki a ƙasa, hannuwa a kan ƙeya. Ba wanda ya taɓa zaton tsohon na da irin wannan zafin nama. Kwamanda ya ji daɗi har cikin ransa, ya kunna girgizar ƙasa.

Daga nan abubuwa suka daina jiran juna. Tsakuwa ta fara sauka kan kwano, hayaƙi ya bulbulo ta ramukan bango, kuma tunda an toshe ko'ina, bai sami hanyar fita ba sai ta huhun mutane. Bencin manyan baƙi ya nuna cewa ƙiba ba ta dame shi ba, ya ɗauki hedimasta da tawagarsa ya nufi gaba da su. Feshin Mai Aski ya ratso duhu ya sauka a wuyan Mai Wanki. Ya shafa, ya duba a hasken talabijin, ya ga ja. Nan ya miƙe a ƙasa ya fara salati, yana neman gafarar duk wanda ya taɓa ƙona wa riga ya ce ɓera ne ya ci. Wata mata ta laluba gefenta ba ta ji ɗanta ba, ta fara kiransa da wata irin murya da ta sa sauran matan suka rikice. Jama'a suka yi ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba.

Har lokacin Kwamanda na ganin nasara ce, sai da bencin ya isa teburin talabijin. Tebur ya tuntsure, akwatin ya faɗi da fuska, wuta ta yi tartsatsi, hoto da sauti suka ɗauke tare. Duhu ya rufe wurin. A cikin duhun nan ne lissafi ya zo masa: begilar da rundunarsa ke jira tana cikin akwatin da ya mutu.

Ya rarrafa ya kafa baki a ramin bango, yana tari, ya ce su tsaya, shi ne Kwamanda, an fasa. A waje Mai Faci ya dubi Mai Walda ya ce ka ji shegun, har tarinsa sun iya. Ya ƙara taya a wuta. Kwamanda ya rantse musu da duk abin da ya sani, ya kira Mai Aski da sunan da uwarsa ke kiransa. Mai Aski ya jinjina ƙwarewar abokan gaba, ya saita famfo daidai ramin da muryar ke fitowa, ya matsa.

Abin ya same shi a fuska da ƙirji. Shi ya sayo fentin, shi ya tsinka shi da hannunsa, amma da ya ji danshi na bin wuyansa a cikin duhu da ƙara da kururuwa, duk wannan ilimin ya gudu ya bar shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sanin akwai shi ba. Filayar da zai kwance ƙofa ta faɗi, bai ko neme ta ba. Ya ture wata mata da ta riƙo hannunsa tana cewa "Baban yara," ya taka ƙafar wani, ya cusa kai ƙarƙashin wani benci da ba ya tafiya, ya ja wani zane da ya tsinta ya lulluɓa.

Sai wata murya ta tashi, ta danne ganga da tsakuwa da ihu. Ba wanda ya taɓa jin ta a layin, har 'ya'yan mai ita. Ta ce kowa ya kwanta ƙasa, hayaƙi sama yake bi. Ta ce mata su riƙe yaran da ke kusa da su, ko na waye. Ta ce maza masu ƙarfi su zo ƙofa, kafaɗa da kafaɗa, in an ƙirga su daka. Mutane suka bi ba gardama. Tsakanin umarni da umarni Baba Saje na kiran wasu sunaye, yana ce musu su matso, kada su tsaya a baya, kuma duk layin babu mai irin waɗannan sunaye. Ba a daɗe ana dakan ba, ƙofar ta bar bango gaba ɗayanta, ta tafi ta kwanta a kwata.

Jama'a suka yi waje, ja-ja-ja da su, hayaƙi na bin bayansu. Masu shaguna da suka ga haka ba su tsaya tambaya ba, suka ja ƙofofi suka ranta a na kare. Labari ya riga masu gudu isa bakin titi: a tsakiyar layi an ce fashi ne, a ƙarshensa an ce an ga tankar yaƙi. Baba Saje bai fito ba sai da ya tabbata ba sauran mai motsi a ciki, yaron da ake nema na saɓe a kafaɗarsa. Ya miƙa shi ga uwarsa, ya zagaya bayan gareji, inda rundunar ke bakin aiki, gumi na zuba. Ya riƙe gudumar Mai Walda tana sama, ya karɓe ta, ya ajiye. Mai Walda ya tambaya ko an busa begilar ne bai ji ba.

Shiru ya sauka. Maƙwabta suka kashe wutar taya da bokitai, suka haɗa da Mai Faci a jiƙawar, ba bisa kuskure ba. Masu gudu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, suna shafa jiki suna neman ramin harsashi, ba su samu ba. Mai Wanki ya tashi daga mutuwa ya tarar hedimasta na tsaye a kansa yana son ƙarin bayani game da ɓeran nan.

Da hayaƙi ya lafa, aka ga abin da ya rage. Tun daga cikin garejin har tsakiyar titi takalma ne zube, na maza da na mata da na yara, ba wanda ke kusa da ɗan'uwansa. Baba Saje ya tsaya yana kallonsu. Can ya sunkuya ya ɗauki wani ɗan ƙaramin silifa, ya nemo ɗayan, ya haɗa su ya ajiye a gindin bango. Ya ɗauki wani. Takalmin ya kuɓuce masa, ya sake ɗauka, bai daina ba. Mutanen da suka dawo da niyyar masifa suka yi cirko-cirko, ba wanda ya iya zuwa ya ɗauki nasa.

Mai Kaji ne ya gano Kwamanda, da ya ga zane na numfashi a ƙarƙashin benci. Ya janyo shi waje gaban jama'a. Kwamanda ya miƙe, ya yaye zanen matar mutane daga kansa, ya gyara wuyan riga, ya ce dama a ƙa'ida kwamanda ba ya barin fage sai kowa ya fita, wurin da ya zaɓa kuma shi ne cibiyar lura.

"Wandonka fa, Yaya? Ya jiƙe."

"Ruwan feshi ne."

"Ruwan feshin ja ne, Yaya."

Dariyar da aka yi ta taimaka, don da ba ita ba da duka za a fara. Kwamanda ya bar su suka gama. Shi dai abu ɗaya ya sani, kuma duk layi shaida ne: tsoho bai yi barci ba. Ya ratsa mutane ya je ya durƙusa a gefen surukinsa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji, ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, yana fata an ga yaƙi yadda yake, kuma yana tuni da alkawari.

Baba Saje ya ajiye takalmin da ke hannunsa. Idanunsa sun yi ja, kuma kowa ya ga ba hayaƙi ne kaɗai ba. Muryar ɗazu ta tafi, ta tsoho ta dawo.

"Ban runtsa ba," ya ce. "Gareji naka ne."

Bakin Kwamanda har kunne. Ya juya don ya nemi idon Mai Kaji, amma tsohon bai gama ba.

"Da na dawo daga can, shekaru uwar yaran nan ta yi tana zama a gefena, hannunta a ƙirjina, kafin in iya rufe ido. A hankali har na kai in ji harbi a akwati in yi barcina. Yanzu kuma ba ta nan."

Ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya sa a tafin Kwamanda, ya naɗe masa yatsu a kai. Ya yunƙura zai tashi. 'Yarsa ta zo ta kama shi ta gefe ɗaya, Mai Kaji ta ɗayan, ba wasa a fuskarsa ko kaɗan. Mutane suka dare suka ba su hanya. Da suka zo wucewa, matar ta dubi mijinta, ga shatin fentin hannunsa a kafaɗarta inda ya ture ta.

"Zan kwana gidan Baba," ta ce. "Ban san ranar dawowa ba."

Kwamanda ya buɗe baki. Yana da jawabin nasara da ya tanada tun ranar da aka yi alkawari, ya neme shi ya rasa. Kunya ce ta rufe shi, mai nauyi, ga shi ba bencin da zai shiga. Jama'a suka ɗauki takalmansu a gindin bango suka watse, ba wanda ya ko tsaya zaginsa. Ya rage shi kaɗai da gareji mai baƙin rufi da buɗaɗɗen baki. Da ya rasa abin yi, ya gangara kwata inda ƙofar ke kwance, kwaɗonta na maƙale a jiki, ya durƙusa ya zura makullin ya murɗa. Ya buɗe lafiya ƙalau.